Tanadin Hatsi da Tanadin Harsashi: Darasin da Kasuwar Diffa Ta Koya Mana

Babu wanda ya kai ɗan kasuwa jin ƙanshin ƙarancin kaya tun kafin ya iso. Da zarar an fara raɗe-raɗin za a rufe iyaka, ko za a hana sayar da wani abu, ko kuma ruwan Komadugu ya fara hauhawa, sai ka ga mai shago ya ƙara buhu biyar a kan goman da ya saba saya, mai tuyar ƙosai ta ƙara tiya uku ta wake, mai injin ban-ruwa ya nemi jarka ya cika da mai. Wannan ba laifi ba ne, domin masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mu mutanen Diffa da kwarin Komadugu mun fi kowa sanin haka, tun da daga shekarar 2015 zuwa yau mun ga ƙarancin mai, da na taki, da na abinci, har da na takardun kuɗin da ake ciniki da su.

To amma akwai wani nau'in tanadin da maganarsa kan taso duk lokacin da tsaro ya taɓarɓare, wato tanadin bindiga da harsashi. Akan ce tun da hukuma ba za ta iya tsare kowane ƙauye da kowace hanya ba, gara kowa ya nemi abin kare kansa, kuma ya tara harsasai tun suna samuwa kafin su yi wuya. Maganar ba ta tsaya a bakin talaka ba. A maƙwabciyarmu Nijeriya, a shekarar 2021 Gwamna Aminu Bello Masari na Katsina ya fito fili ya ce jama'a su nemi makamin kare kansu, sannan a watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta Zamfara ta umarci mutanenta su nemi lasisin riƙe bindiga, lamarin da shugabannin tsaron ƙasar suka ce gwamna ba shi da hurumin yi. Abin tambaya a nan shi ne: shin harsashi haja ce da za a tanada kamar gero da wake? Idan aka tara shi, wa zai ci ribar, wa kuma zai biya kuɗin? Wannan tambaya ta shafi mai rumfa a kasuwar tattasai kamar yadda ta shafi soja a bakin gada.

Yadda tsoro ke haifar da ƙaranci

Bari mu fara da inda wannan ɗabi'a ta fi shahara, wato Amurka. A can tsarin mulki ya ba ɗan ƙasa damar mallakar bindiga, kuma ana sayar da harsashi a kanti. Sau uku cikin shekaru kaɗan kantunan suka wayi gari babu kaya: bayan zaɓen Barack Obama a 2008, da bayan kisan yara 'yan makaranta a Sandy Hook a watan Disambar 2012, sai kuma a 2020 lokacin annobar korona da zanga-zangar da ta mamaye biranen ƙasar. A duk lokutan nan masana'antu ba su daina aiki ba. Abin da ya faru shi ne, mutane sun ji tsoron za a tsaurara doka ko za a yi tashin hankali, sai wanda ya saba sayen kwali ɗaya ya sayi goma. Da maƙwabcinsa ya je ya tarar da kanta a share, sai shi ma ya rantse ranar da kaya suka zo zai kwashe rabonsa da na shekara. Akwai ma masu sake cika kwanson harsashin da aka riga aka harba, su kuma suka bi albarushi da sauran kayan haɗi suka kwashe, har su ma suka ɓace daga kasuwa, farashi ya ninka.

Duk 'yar kasuwar da ta taɓa ganin yadda kuɗin sukari ke tashi ana saura mako guda azumi ta fahimci wannan lissafi. Tsoron ƙaranci da kansa yake haifar da ƙarancin. Sai dai akwai bambanci babba tsakaninmu da su. A can, idan buƙata ta ƙaru, masana'anta ce ke ƙara ma'aikata ta ƙara ƙera kaya. A nan kwarin Komadugu babu kantin harsashin yaƙi, babu kuma masana'antarsa. Saboda haka idan buƙata ta ƙaru, dole kayan su fito ta wata ƙofa. Wace ƙofa ce wannan?

Daga ina harsashin yake fitowa?

Idan dai ba a manta ba, a watan Nuwambar 2014 ne 'yan Boko Haram suka kama Malam Fatori da Damasak, garuruwan da ke tsallaken kogi, waɗanda muka saba kai musu kaya muna saro nasu. Ranar 6 ga Fabrairun 2015 suka kawo harin farko a Bosso da Diffa. Ranar 25 ga Afrilun wannan shekara suka auka wa sansanin soja na tsibirin Karamga, inda hukuma ta ce sojoji 46 da fararen hula 28 suka rasu. Ranar 3 ga Yunin 2016 suka mamaye Bosso, sojoji 26 suka kwanta dama, mutane kimanin 50,000 suka tsere, maharan kuma suka yi awon gaba da makamai da harsasai. A watan Mayun 2020 suka taɓa shingen gadar Dutsi, a bakin garin Diffa kansa. Wanda ya lura zai ga cewa yawancin irin waɗannan hare-hare a kan sansanonin tsaro, neman kayan yaƙi na cikin manyan dalilansu. Bindiga ba ta cin tuwo, harsashi take ci, kuma mai ɗauke da ita kullum cikin neman abincinta yake.

Akwai wata cibiyar bincike a Ingila mai suna Conflict Armament Research, wadda aikinta shi ne bin sawun makamai ta lambobin da aka buga a jikinsu. A shekarar 2022 ta fitar da rahoto a kan makaman da aka ƙwace a kudu maso gabashin Nijar. Abin da ta gano shi ne, wani kaso na kayan ya fito ne daga rumbunan gwamnatocin yankin nan da kansu, wato Nijeriya da Nijar da Chadi, wani kaso ya gangaro daga Libiya bayan faɗuwar Gaddafi a 2011, wani kuma tsofaffin makamai ne da suka daɗe suna yawo daga hannu zuwa hannu.

Ma'anar wannan a harshen kasuwa a bayyane take. Duk farar hular da ya fita neman harsashi a ɓoye, ya shiga layi ɗaya da ɗan tada ƙayar baya da mai satar mutane, dillalinsu ɗaya ne. Yawan masu saye shi ke ɗaga farashi, tashin farashi kuma shi ke ƙara wa mai kai hari kwaɗayin fasa sansani, ya kuma ƙara wa ɓata-garin cikin gida kwaɗayin zare kwali daga rumbun hukuma. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kuɗin da mutum ya biya da niyyar kare iyalinsa, shi ne jarin da dillalin zai saro wanda za a tare motar ɗan'uwansa da shi a hanyar Maine Soroa.

Ranar da taki da mai suka zama kayan yaƙi

Ko da ɗan kasuwa bai taɓa riƙe bindiga ba, ya riga ya biya kuɗin harsashi ta wata hanyar. Kwanaki kaɗan bayan harin farko na Fabrairun 2015, gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar Diffa, aka yi ta sabunta ta shekara bayan shekara. Hujjar hukuma ita ce, maharan suna karɓar haraji a kan kifi da tattasai, da kuɗin suke sayen makami, da man da ake sayarwa a jarka suke tafiyar da baburansu, takin yuriya kuma ana iya karkatar da shi zuwa haɗa abubuwan fashewa. Saboda haka aka hana hawan babur, aka sa dokar hana fitar dare, aka hana cinikin kifin tafkin Chadi da fitar da tattasai, aka taƙaita sayar da mai da taki, aka rufe wasu kasuwannin ƙauye irin su Gagamari da Kinjandi. Bayan harin Karamga kuma aka umarci mazauna tsibiran tafki su tashi, mutane kimanin 25,000 suka fito, da yawansu a ƙafa, suka bar jiragensu da komarsu.

Mu tuna abin da aka taɓa. Kafin rikicin, kwarin nan na fitar da tattasai kimanin tan 10,000 a shekara, mafi yawansa Nijeriya ake kaiwa, shi ya sa ake masa kirari da jan zinariyar Manga. Ƙungiyar Oxfam ta ƙiyasta a rahotonta na 2017 cewa tattasai da bandar kifi a haɗe suna kawo kusan sefa biliyan 28 a shekara. A kan wannan dukiya manomi ke ci, da leburan tsinka, da matan da ke shanya da gyara, da mai ɗinkin buhu, da ɗan dako, da dillali, da direba, da ɗan kamasho, da mai sayar da abinci a bakin tasha ranar Talata. Tattasai kuwa ba ya yi sai da ban-ruwa, injin ban-ruwa ba ya tashi sai da mai, shukar ba ta yin 'ya'ya sosai sai da taki. Da aka riƙe mai da taki, an riƙe maƙogwaron noman gaba ɗaya. 'Yan kabu-kabu kuma, waɗanda yawancinsu samari ne, suka wayi gari babu sana'a. Sai a watan Oktoban 2017 aka sassauta dokar tattasai, ta kifi kuwa sai a watan Maris na 2019.

A wannan yanayi, tanadin da ya kasance wayo jiya ya koma abin tuhuma yau. Jarkar mai goma a bayan shago, ko buhunan yuriya babu takarda, sun isa a kira mutum mai kai wa 'yan daji kaya. An kama mutane fiye da 1,000 bisa zargin alaƙa da Boko Haram, aka kai da yawansu gidajen kason Kollo da Kutukale, kusa da Yamai, fiye da kilomita 1,300 daga iyalansu, kuma sai a watan Maris na 2017 aka fara yi musu shari'a. Idan jarkar mai na iya jawo wa mutum wannan, ina ga kwalin harsashi a ƙarƙashin gado? Dokar ƙasa ba ta yarda farar hula ya riƙe makami babu izinin hukuma ba, a yankin da ake yaƙi kuma tuhumar ba ta tsayawa a kan mallakar makami kaɗai.

Ba a nan kaɗai aka bi wannan hanya ba. A watan Satumbar 2021 jihohin Zamfara da Katsina suka rufe kasuwannin mako a wurare da dama, suka hana sayar da mai a jarka, aka kuma katse layukan waya. A ko'ina lissafin ɗaya ne: idan harsashi ya yawaita a daji, kasuwar gari ce ake rufewa.

Hajar da ba ta ruɓewa

Kowace haja tana da wa'adinta. Tattasai in ya daɗe yana dusashewa, wake yana yin ƙwari, mai yana tsanewa, taki yana dunƙulewa in ya sha raɓa. Wannan wa'adi shi ke tilasta wa mai kaya ya fito da su kasuwa. Bindiga da harsashi kuwa suna iya shekaru da yawa a binne, su fito lafiya ƙalau. Tsoron da ya sa aka saye su yana wucewa, su suna nan suna jiran wani faɗan.

Dattawanmu shaida ne. A shekarun 1990, lokacin tawayen ƙungiyar FDR a ƙasar Manga da Kawar, wasu al'ummomin makiyaya sun kafa rundunonin kare kai, makamai suka bazu a daji. An sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a birnin Njamena a watan Agustan 1998, amma makaman ba su sa hannu ba. Tun a 1994 gwamnati ta kafa hukumar tattara makaman da ke hannun jama'a ba bisa ƙa'ida ba. Ranar 25 ga Satumbar 2000, a zamanin Shugaba Tandja Mamadou, ɗan Maine Soroa, aka ƙona bindigogi fiye da 1,000 a Agadas a bikin wutar zaman lafiya. Bayan haka aka kawo wani shiri na musamman a yankin N'Guigmi, inda ake karɓar makamai a yi wa jama'a ayyukan raya karkara a madadinsu. Duk wannan wahala ta tattara abin da aka raba cikin 'yan shekaru kaɗan ce.

Duk da haka, da aka kwashe mutanen tsibirai a 2015, wuraren kiwo da na su suka zama fili, a 2016 rikici ya ɓarke a bakin tafki tsakanin makiyaya masu makami da masunta, aka yi asarar rayuka da dama, kowane ɓangare yana zargin ɗaya. Makamin da aka ce na korar ɓarawo ne, ƙarshenta a kan rijiya da burtali da gona aka ɗana shi. Mu kuwa kasuwarmu ta kowa ce: Barebari da Fulani da Buduma da Tubawa da Larabawa da Hausawa duk a rumfa ɗaya suke ciniki. Ranar da mai nono ta ji tsoron shigowa, mai gero ma ba zai ga ciniki ba.

Mu ji ta bakin ɗaya ɓangaren

Adalci shi ne mu saurari mai cewa a bar shi ya tanadi makami, domin ba don nishaɗi yake faɗa ba. Ranar 2 ga Yulin 2017 aka shiga Ngalewa, aka kashe mutane 9, aka tafi da mata da yara 39. A watan Maris na 2019 kaɗai, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙidaya fararen hula 88 da aka kashe a jihar Diffa. A daren 12 ga Disambar 2020 aka auka wa Tumur, aka kashe aƙalla mutane 28, aka ƙona kasuwa da ɗaruruwan gidaje. Satar mutane don kuɗin fansa kuma ta zama sana'a, 'yan kasuwa da iyalansu na cikin waɗanda aka fi hari, domin an san inda za a matsa kuɗi su fito. Wanda aka ɗauke wa 'ya cikin dare, ba za a ba shi haƙuri da dogon turanci ba.

To amma mu auna maganar da ma'aunin riba da faɗuwa. Ƙauye ba ya ɓoye sirri. Gidan da aka san akwai harsashi a cikinsa ya zama abin nema ga mai neman abincin bindigarsa, ya kuma zama abin tuhuma ga jami'in tsaro, wato an gudu ba a tsira ba. Sannan bindiga ɗaya ko biyu ba sa tsayar da mutanen da suka iya tarwatsa sansanin soja a Bosso. Abin da ya faru a Zamfara ma ya ishe mu izina: 'yan sa-kai sun tashi da niyyar maganin ɓarayin shanu, aka shiga ramuwar gayya tsakanin ƙauyuka da rugage, kowane ɓangare ya ƙara sayen makami, har aka kai inda manomi ke biyan haraji kafin ya girbe gonarsa. An sayar da kare an sayi biri.

Maharbanmu na gargajiya da bindigoginsu na toka, waɗanda sarakuna da masu gari suka san su ɗaya bayan ɗaya, maganarsu daban ce, haka ma 'yan sintirin unguwa da ke aiki da sanin hukuma, suna sa ido suna kai rahoto. Abin da muke magana a kai shi ne kowa ya buɗe nasa rumbun harsashin a ɓoye.

Ƙarancin da ya fi cizon mu

Idan muka duba shekarun baya da idon basira, ƙarancin da ya karya jarin 'yan kasuwar kwarin nan na kayan yau da kullum ne. Daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ta kuma hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. A farkon 2023 canjin takardun naira 200 da 500 da 1,000 ya tsayar da ciniki a nan, inda naira ke yawo kamar sefa. Wasu suka rabu da tsofaffin takardunsu a wulaƙance saboda tsoron wa'adi, sai ga kotun ƙolin Nijeriya a watan Maris ta ce tsofaffin na nan daram. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 cikin kwanaki, ribar 'yan ruwa-ruwa ta zube. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ƙungiyar ECOWAS ta sa wa Nijar takunkumi, iyaka ta sake rufewa har zuwa watan Maris na 2024. A watan Oktoban 2024 gwamnatin Nijar ta hana fitar da hatsi waje, in ban da Mali da Burkina Faso. A watan Maris na 2025 kuma aka yi layin mai a biranen ƙasar, domin matatar Damagaram ta kasa cike gurbin man Nijeriya da ya daina kwararowa, alhali ɗanyen man daga Agadem, cikin jiharmu, ake haƙo shi. Ga kuma ambaliyar Komadugu, wadda ta cinye gonaki da gidaje a 2019 da 2022 da 2024.

A duk waɗannan, wanda ya tsira shi ne mai ɗan abinci a rumbu, mai iri da takin shekara a hannu bisa ƙa'ida, wanda kuma bai zuba dukan jarinsa a kuɗin ƙasa ɗaya ko haja ɗaya ba. Wanda ya yi asara shi ne mai bin jita-jita, ya saya a tsakiyar tsada, ya sayar bayan farashi ya faɗi.

A nan ya kamata mu rarrabe tsakanin tanadi da ɓoye kaya. Tanadi shi ne ka saya lokacin kaka, sa'ad da kaya suka yi yawa manomi na neman mai saye, ka fito da su lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Wannan hidima ce ga jama'a, kuma ribarta halal ce. Ɓoye kaya shi ne ka kulle mangaza jama'a na layi, kana jiran yunwa ta ƙara maka farashi. Malamanmu sun daɗe suna tsawatarwa a kan wannan, hukuma kuma kan fasa irin waɗannan mangazu in abin ya yi tsanani.

Abin da ya rage gare mu

Ya ku 'yan'uwa fatake da iyayenmu mata masu rumfa, akwai matakan da ke hannunmu. Duk kayan da hukuma ke sa wa ido, musamman mai da taki, a saye su daga hannun mai izini, a karɓi rasit, a adana shi kamar yadda ake adana kuɗi, kuma shugabannin ƙungiyar 'yan kasuwa su san adadin da ke mangaza. Kada a tara mai a cikin gida ko tsakiyar rumfuna, gobara ɗaya ta isa ta cinye jarin layi guda. A busar da tattasai sosai kafin a ɗinke, a ɗora buhu a kan katako, kuma mangazar ta kasance a tudu, nesa da inda ruwa ya kai a 2022. Wake a sa shi a buhun leda mai rufi uku, wanda ke kashe ƙwari ba tare da magani ba. Masu ƙungiya su nemi tsarin jinginar amfanin gona, wanda aka daɗe ana yi a ƙasar nan: a kulle kaya da kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun asusun bashi, a karɓi rance a juya, in farashi ya gyaru a sayar a biya. Masu adashe kuma su daidaita ɗauka da lokacin kaka, domin kuɗin ya tarar da kaya da araha.

Akwai kuma wani gargaɗi na musamman. Daga 2021 zuwa yanzu, 'yan sandan Nijeriya sun sha nuna mata da direbobin da aka kama da harsasai a ɓoye cikin buhunan abinci da jarkoki, za a kai wa 'yan bindiga, domin dillalan sun san ba a cika tsananta binciken mace mai kayan miya ba. Saboda haka kada a karɓi saƙon da ba a buɗe ba, ko na wane ne, ko nawa za a biya. Direba ya ga abin da ake lodawa da idonsa, ɗan kamasho ya rubuta sunan mai kaya. Ranar da aka kama, mai saƙon ba zai zo ya yi bayani ba.

Hukuma ita ma da nata. Tun da wani kaso na harsasan da ke daji daga rumbunan gwamnati suka fito, tsare waɗannan rumbuna da ƙidaya abin da ke cikinsu shi ne matakin farko na tsare kasuwa. Idan za a kafa dokar hana wani kaya, a zauna da wakilan manoma da 'yan kasuwa, a rubuta adadin da aka yarda kowa ya riƙe, a kuma faɗi ranar da za a sake duba dokar, domin dokar da ba a san iyakarta ba ita ke haifar da ɓoyo da fasa-ƙwauri. A buɗe wuraren sayar da taki da mai na halal kusa da masu ban-ruwa kafin lokacin dashe. A tsare babbar hanya da ranakun kasuwa. A kuma buɗe ƙofa ga wanda ke da makami ya miƙa shi ta hannun sarakuna ba tare da fargaba ba, kamar yadda aka buɗe wa tubabbu cibiyar Gudumariya bayan sanarwar Disambar 2016. Tun da Nijar ta janye daga rundunar haɗin gwiwar tafkin Chadi a watan Maris na 2025, nauyin tsare bakin kogin nan ya ƙara hawa kanta, talaka kuma zai daina tunanin tara harsashi ne ranar da ya kira agaji aka amsa masa.

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Buhun geron da ka tanada, in ba ka ci ba maƙwabcinka zai saya ya ci. Kwalin harsashi kuwa, ranar da aka buɗe shi wani gida ne zai yi makoki, kuma washegari kasuwarmu ce za a rufe. Allah Ya zaunar da yankinmu lafiya, Ya sa albarka a nemanmu, amin.